Ranar da Na Ƙirga Numfashinki Daga Bakin Ƙofa

Limawa, Jimeta.

Zuwa ga 'yar ɗakin Dada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da bakina bai taɓa iya yi miki ido da ido ba. Ina fata sa'ad da za ki buɗe takardar nan kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ruwa, kuma direba bai yi gudun hauka da ku a hanyar Numan ba. Allah Ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Na cusa takardar a ƙarƙashin ledar kilishi ne don na san ki, nan hannunki zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ki ba. A walimar gama karatunki kin miƙe gaban jama'a kin ce kin zama likita ne saboda Adda ta ceci ranki. Aka yi ta tafi, ni kuwa na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunyar 'yar fari ce. Rabi kunyar ce. Ɗaya rabin kuwa, na san ba a taɓa ba ki labarin duka ba. Yanzu da za ki kama aiki a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda suka fi kowa jin jiki, ba zan bar ki ki tafi da guntun labari ba.

Ke ce ta fari, kuma sunan uwar mijina aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Ana yaye ki ita Dada, uwar mijin nawa, ta ɗauke ki zuwa gidanta a Yolde Pate, kika tashi kina ce mini Adda kamar wata yayarki. Duk ƙuruciyarki ban taɓa goya ki gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanki ba. In ina son ki miƙo mini abu, "ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya. Dangin babanki suka yi ta yabona, wai 'yar Barno ta zo ta fi Fulani fulatanci. Kada in yi miki ƙarya, yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Kuskurena na farko ba a kanki na yi shi ba. A shekarun da mutane suka yi ta kwararowa daga Madagali da Michika da Mubi, wasu a bayan tirela, wasu da ƙafa ta cikin daji, ina nas a sashen gaggawa. Gadaje suka cika, benci ya cika, har ƙasa. Wata safiya na wuce wata mata zaune a ƙarshen benci, ta lulluɓe kanta da zane, ƙafarta ɗaure da tsumma. Na ce, "Mama, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na wuce wajen wani mai karayar hannu da ke kurma ihu. Kafin azahar ta zame daga bencin. Mun yi duk abin da muka sani, washegari da la'asar ta cika. Ƙaya ce ta soke ta a daji, ƙaya ɗaya, cuta ta bi ta nan ta shiga jini. Ku a makaranta sefsis kuke ce masa, kuma kin fi ni sanin babinsa a littafi.

Sista Rifkatu, mutuniyar Numan, abokiyar aikina wadda kika sani bakinta ba shi da murfi, ta same ni ina wanke hannu ina kuka. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Falmata, mutanen nan namu ko yana mutuwa zai ce maki da sauƙi. Gaisuwa ne fa, ba amsa ba ne."

Ki riƙe wannan. In majiyyaci ya ce miki da sauƙi, ki amsa masa gaisuwarsa da mutunci, sannan ki fara aiki. Mai ihu yana da sauran ƙarfin ihu. Wanda ya yi shiru a lungu, wajensa za ki fara zuwa. Ki tsaya ki ƙirga numfashinsa minti guda cur, ban da ƙirgan rabi a ninka. Ki riƙe tafin hannunsa ki ji ɗumi ko sanyi. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, ki tambaye shi wane gari muke. Ba na'ura ake nema a yi waɗannan ba, ko an ɗauke wuta za ki iya.

Za ki ce to ai na koyi darasi. Ni ma haka na zata.

Wata biyu bayan nan, kina da shekara goma sha huɗu, gidan Dada ya cika da dangin da suka gudo. Ke ce mai kai musu abinci ɗaki ɗaki, kika taka tsohon langalanga a bayan madafa. Dada ta wanke miki da ruwan zafi da gishiri, ta ɗaure. Kwana uku zazzaɓi ya taso, aka kai ki kemis aka yi miki allurar maleriya. Babanki, shi ma mai tasa kunyar, ya faɗa mini da safe yana ɗaura agogo, bai ko dube ni ba. "Yarinyar gidan Dada ba ta jin daɗi." Na ce, "A ci gaba da ba ta magani." Na ɗauki jakata na tafi aiki. Kwana biyu ban je ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, da na roƙi Rifkatu da ta riƙe mini. Abin da ya hana ni shi ne kada a ce ga ta can ta kwaso da gudu don 'yar fari ta yi zazzaɓi.

Ranar hutuna na je da hantsi. Na zauna a tabarma a bakin ƙofar ɗakin Dada, ke kina kan gadonta kin juya wa bango fuska. Muka yi ta gaisuwar Fulani, jam, jam, gida, yara, baƙi, gajiya. Sai can na ce, "Ya mai jiki?" Dada ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi, zazzaɓi ya sauka tun asuba. Jikinsa sanyi kalau, barci yake yi." Ta sa aka kawo mini kunun gyaɗa.

Na sha kunun nan. Ina so ki san haka. Ina zaune taku huɗu daga gadonki ina kurɓar kunu.

Idon nas ba ya hutu, shi ya taimake mu. Ina amsa hirar Dada, idona yana kan zanen da aka rufe ki da shi, yana hawa yana sauka. Akwai agogon bangon nan da ta zo da shi daga Makka, na bi tsinkensa na ƙirga. Talatin da takwas. Na sake ƙirgawa don ina so a ce kuskure na yi, ya fito kusan haka. Kuma wallahi ban tashi ba. Ina zaune ina tunanin yadda zan tsallaka ɗakin surukata in taɓa ki tana kallo. Sai kika juyo, idonki a buɗe, kika dubi Dada kika ce, "Malama, ban gama rubutawa ba, kada ki karɓe takardar." Dada ta yi dariya ta ce mafarkin makaranta kike yi.

Ban san sa'ad da na miƙe ba, sai dai na ga kunu a tabarma. Hannunki sanyi kamar gindin randa, bugun jijiyarki siriri yana gudu. Na kwance tsumman, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, wari ya bugo ni. Na ce, "Dada, yaushe ta yi fitsari?" Ta ce tun jiya da rana. Na sunkuya na ɗora ki a bayana na ɗaure da mayafina. Goyon farko ke nan da na yi miki gaban mutane, kina da shekara goma sha huɗu, ƙafafunki suna jan ƙasa, dukan gidan suka fito suna kallo.

Ga shawara ta biyu. Ba kowane sanyin jiki bayan zazzaɓi ne sauƙi ba. Wani lokaci jini ne ya daina kaiwa hannu da ƙafa. Kakanni za su yi ta hamdala, kada ki raina su, abin da suka sani ke nan kuma da ƙauna suke yi. Amma ke ki taɓa. Za a kawo miki dattijo sa'an babanki, za a kawo malami, wata rana har surukinki. Ki nemi izini da ladabi, ki ɗaga zanen, ki kwance ɗaurin, ki duba da idonki. Kunya abu ne mai kyau a zaure. A bakin gadon marar lafiya ni na ga abin da take jawowa.

Ni da Dada muka tari keke zuwa Jimeta. A lokacin akwai shingen sojoji a hanya, amma sojan da ya leƙo ya ga fuskarki ya ɗaga mana hannu, Allah Ya saka masa. Muna isa asibitinmu kuma wautar ta dawo mini sabuwa. Na kwantar da ke a benci, bencin nan dai da matar can ta zauna, na je na bi layin yankan kati, don kada a ce Sista Falmata ta tsallake layi saboda nata. Da na iso taga mai kati ya ce, "Suna?" Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Ina tsaye kamar gunki, mutane a bayana suna tsaki.

Sai ga muryar Rifkatu daga can. "Falmata! Wane ne wannan a benci?" Na ce, "Wata yarinya ce daga gidanmu." Ta ce, "Wata yarinya? Yarinyanki ne, ke! Abeg bar katin nan, zo ki riƙe mini hannu!" Ita ta ƙwala wa mai kati sunanki daga inda take, ta sungume ki zuwa gado. Jijiyoyinki duk sun ɓuya, sai a karo na uku ta samu ta sa allurar ƙarin ruwa. Aka sa miki oksijin, aka sa robar fitsari, jakar ta rataya fayau babu ko ɗigo.

Likitan da ke aiki ranar sabo ne, yaro mai kirki, kamar yadda za ki zama jibi. Gwajin maleriya ya nuna akwai, ya ce a fara maganinta a sa ido, sauran a jira sakamakon jini. Ni da ban taɓa ɗaga wa likita murya ba, na ji ina cewa, "Likita, maleriya tana nan, a yi maganinta, amma ba ita ke kashe ta ba. Dubi ƙafar nan, dubi awon jininta. A ɗebi jini a kai gwaji, a sa maganin ƙwayar cuta a jijiya yanzu yanzu, ba bayan sakamako ba." Ya dube ni da mamaki ya ce, "Sista, 'yar uwarki ce?" Na ce, "'Yata ce. Ta fari." Har mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya sunkuya ya duba ƙafar da kansa, ya ɗago ya ce, "Gaskiyarki," ya rubuta, ya aika a kira mai tiyata. Har gobe ina yi wa yaron nan addu'a.

A wannan ciwo sa'ar farko ita ce komai. Jini a kwalba, magani a jijiya, ruwa, oksijin, robar fitsari, duk a tare, kuma kati ya biyo baya. Kina ƙarin ruwan kina sauraren ƙirji kada ya yi yawa. Kada gwajin maleriya ya rufe miki ido, a ƙasar nan wa za a gwada a rasa ta? Ki nemi inda cutar ta shiga, in mugunya ce a fitar da ita, don magani kaɗai ba ya kwashe ta. In kuma tsohuwar nas ta ce miki, "Likita, yaron nan bai yi mini ba," ki ajiye biro ki je ki gani. Girmanki ba zai ragu ba.

Aka shiga da ke tiyata aka buɗe ƙafar, aka kwashe abin da ba zan kwatanta miki ba tunda ƙila kina cin kilishi. Daga nan sai ɗakin kulawa ta musamman, mai gado huɗu. Ruwa ya shiga leda bayan leda, awon jininki ya ƙi tashi, sai da aka haɗa da maganin ɗaga shi. Jakar fitsari tana nan fayau. Na san ma'anar haka, ƙoda ce ke neman tsayawa, kuma na ga inda hanyar take kaiwa.

A rana ta biyu da safe babban likita ya zo zagaye. Ya kira sunanki ya ga ko za ki motsa, shiru. Rifkatu ta kira, shiru. Ya juyo ya ce, "Sista, ke kira ta mana, muryar uwa daban ce." Kin san abin da na yi? Na juya na fita. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, don a lokacin ba ni da sauran uzurin rashin sani.

A baranda na sami Dada a kan tabarmarta da carbi, kwana biyu ba ta koma gida ba. Ta ce, "Me ya faru?" Na durƙusa na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta ajiye carbin. Sai ta ce, "Kafin mijinki na haifi wani. Shi ne na fari. Yana shekara uku zazzaɓi ya kama shi, ina tsakar gida ina daka, ban shiga ɗakin ba har aka fito da shi. An yabe ni sosai." Ta dafa ƙirjinta. "Har yau yabon yana nan, yana ci na." Ban taɓa jin labarin yaron nan ba, babanki ma bai sani ba. Ta kama hannuna ta ce, "Sunan ai nawa ne. Na ba ki. Shiga ki kira."

Na shiga. Na sunkuya daidai kunnenki na kira. Na sake. A na uku fatar idonki ta motsa, yatsunki suka kama nawa. Ba na ce muryata ce ta warkar da ke ba, ni nas ce. Magani ne, da wuƙar mai tiyata, da hannun Rifkatu, da ikon Allah a kan duka. Amma kin kama hannuna, kuma kowa a ɗakin ya gani.

Bayan azahar ina zaune ina kallon robar nan, sai ga ɗigo. Sai wani. Baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, amma fitsari ne. Rifkatu ta ɗaga jakar sama kamar wadda ta ci kofi, ni kuwa na rangaɗa guɗa. A ɗakin da ko tari ba a son a yi da ƙarfi! Shugabar nas ta shigo da gudu za ta yi faɗa, ta ga jakar, ta fashe da dariya. Dada ta ji guɗar daga baranda, ba sai an faɗa mata ba, ta kifa goshi a ƙasa. Na yi guɗa a bukukuwa da yawa, babu wadda ta kai ta ranar daɗi. Kwana uku aka cire maganin ɗaga jini, kika buɗe ido sosai kika ce kina jin yunwa, wai taliya da manja kike so.

Don haka kada ki raina jakar fitsari. Ki duƙa ki duba ta da kanki kowace sa'a, sau da yawa ita ke fara kawo labari, mai daɗi ko marar daɗi. Kuma waɗanda ke zaune a baranda, ki fita ki yi musu magana da Hausar da za su gane. In kin ga wata mata ta ja baya, tana tambaya ta bakin wani, tana cewa "yaron gidanmu," ki lura da ita da kyau. Ƙila ita ce uwar. Ki kama hannunta ki shigo da ita.

Bayan kin fita da ƙafarki, ni da Rifkatu muka jawo wani tsohon tebur muka ajiye a bakin ƙofar sashen gaggawa. Duk mai zazzaɓi ko rauni, kafin ya je layin kati, sai mun ƙirga numfashinsa mun riƙe hannunsa mun auna jininsa. Aka yi ta yi mana ba'a, wai teburin 'yan duba. Muka ƙyale su. Daga teburin nan muka tsamo mai jego da ta ce da sauƙi, da wani manomi daga Vinikilang da fartanya ta sara, wanda har yau duk kaka sai ya aiko mini da masara. Ba duka muka ci ba, amma mun ci da yawa, kuma har na yi ritaya ba a sake samun wanda ya zame daga bencin nan ba a gani ba. Teburin yana nan, yaran da ke zama a kansa yanzu ba su ma san wa ya ajiye shi ba. Ina alfahari da shi, kuma na fi alfahari da cewa ƙafar nan mai tabo ita za ta riƙa zagaya marasa lafiya.

Saura abu ɗaya. Kin sha ba da labari cewa a cikin duhun nan kin ji wata murya tana kiran sunanki, kika bi ta kika dawo, kuma kin ce muryar Sista Rifkatu ce. Shi ya sa duk Kirsimeti kike zuwa gaishe ta. Ki ci gaba da zuwa, ta cancanci fiye da haka. Ni na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta rufa shekara da shekaru tana zagina a kai. Amma ni ce. Da aka sallame ki kunya ta dawo, na koma "ke" da gyaran murya, har Dada ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ban sake amfani da kyautar da ta ba ni ba.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga allurar da ta taɓa wani, da gajiyar da ke sa a yi kuskure, da girman kan likitoci. Ya ba ki ido mai gani da ƙafa mai saurin tashi, Ya sa waɗanda aka kawo miki a kwance su koma gida da ƙafarsu. Babanki yana gaishe ki, ko da yake ba zai yarda ya ce ya faɗa ba.

Ki sauka lafiya, Mairama. Kafin in rubuta sai da na faɗe shi da ƙarfi, har ƙannenki suka leƙo suna tambaya wa nake kira.

Wassalam,
Addarki, wadda ta haife ki.